Bandar Fari a Bayan Babur

Ni dai ban taɓa riƙe kan babur ba, ko tura shi ban taɓa yi ba, amma ina zaune bakin murhun bandata idan ya wuce ta bayan danga, ina iya faɗa maka ko bayansa lafiya yake ko ya mutu. Kunne ne ya saba. A da, idan babur ya faɗa ramin nan na kusa da rijiya, ba ka jin komai sai wani ɗan nishi, ya lotsa ya taso ya wuce abinsa. Yanzu kuwa tun daga nesa kake jin ƙaram-ƙaram, idan ya iso ramin ya buga gwaf, har kajina su watse. Kullum na ji wannan bugun sai na ja tsaki, yara suna cewa tsufa ya sa ina faɗa da abin da ba ya jina. Ba tsufa ba ne, takaici ne, kuma ina da dalilinsa. Ƙarafan nan biyu da ke tsaye gefe da gefen tayar baya, masu sifirin naɗe a jikinsu, waɗanda ake kira shokozoba, su ne suke shanye girgizar hanya kafin ta kai ga abin da aka ɗauko. Mu da muka tashi a bakin ruwa muna banda, a kansu sunanmu yake hawa ya tafi kasuwa, kuma bana a kansu sunan jikata ya hau.

Bari in yi bayani, don na san ba kowa ya san wannan ba. A ƙauyukanmu na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, idan aka kai yarinya ɗakinta ta ɗan kwana biyu, akan ware mata kifi nata na kanta, ta gyara, ta naɗe, ta banda, ba tare da kowa ya sa mata hannu ba. Shi ake kira bandar fari. Ba a cinsa a gida, ba a sayar da shi a gari. Kai shi ake yi kasuwar Yelwa wajen dillaliyar da gidan ke hulɗa da ita, ita kuma ta kwance kwandon a gaban sauran matan rumfa, ta riƙa ɗaga kifin ɗaya bayan ɗaya. Idan ya fito cif, kai da jela, ya bushe har cikin ƙashi, to yarinya ta yi suna, duk bandar da ta aika daga ranar ba a tsayawa bincike. Idan ya fito a kakkarye, shi ma suna ne, kuma ba ya goguwa. Akwai wata tsohuwa a garinmu da har ta koma ga Allah ana ce mata Mai-gari, saboda garin kifi aka zazzage daga kwandonta na fari, alhali daga baya ta fi kowa iya banda.

Ina ƙarama aka taso mu daga tsohon garinmu da ruwa ya cinye, aka dawo da mu nan, saboda haka ban buɗe ido na ga komai ba sai tafki da hayaƙi. Da sassafe abin da ke tashe mu shi ne ƙarar filafili yana bugun gefen jirgi, masunta sun dawo. Daga nan sai karce-karcen wuƙaƙen mata suna kankare kifin ƙarfasa, mu kuma yara a ba mu toka mu murje yauƙin tarwaɗa har hannu ya yi tauri. A lanƙwasa ta, a haɗa jela da baki, a soke da tsinke, a jera a kan raga. Itacen kirya ake so, don ba ya yin wuta mai harshe, kuma duk wadda ta bari wuta ta lashi kifi ranar sai ta ji a jikinta. Da aka kai ni gidan miji na tarar da uwarsa, da muke kira Inna, ta fi uwata tsanani. Takan ce wuta kaɗan, hayaƙi da yawa, kuma wadda ke gaggawa ta tafi ta soya ƙosai, ta bar wa masu haƙuri banda. Idan za ta gwada kifi sai ta kai shi kusa da kunne ta ƙwanƙwasa da farce. In ya amsa to ya yi, zai kai wata da watanni ba tsutsa ba wari, amma fa ya zama abin lallaɓawa kamar ƙwai. Yau ka shiga gidajen bakin ruwa ka ga ƙazanta da idonka. Da leda da guntun silifas ake hura murhu, a kwashe kifi da sauran ruwa a jikinsa, a yayyafa masa maganin ƙwari don kada ƙuda su sauka, a tura wa bayin Allah su zuba a miya. Wallahi wani lokaci warin kaɗai ke hana ni cin tuwo.

Lokacin bandata ta fari ruwa ya janye, jirgin kasuwa ba ya iya ƙarasowa wajenmu, sai dai a bi ta tudu. Maigidana yana da babur, kuma a lokacin su kaɗan ne masu shi a gari, shi ya sa yake ji da shi fiye da yadda yake ji da ni. Ana gobe kasuwa, na gama jera kifina a kwando, Inna ta fito za ta wuce ta gefen babur, sai ta tsaya ta sunkuya. Ta ga mai yana tsiyaya a jikin shokozoba na gefen hagu, ƙasa ta manne a kai ta yi baƙi. Ta dangwala da yatsa ta nuna masa. Ya ce ai ba komai ba ne, gefe guda ne, ɗayan zai ɗauka, shi da ya san hanya kamar tafin hannunsa. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa, "Can kasuwa ba kowa ka tambayar wanda yad ɗauko kifi. Wadda tab banda ɗai aka tambaya. Tura shi mu tai." Ta juyo ta ce in ɗauko mayafina in biyo su, tunda kifina ne, in ga abin da zai hau.

Wajen wani bakanike muka je, a bakin babbar hanya a gindin wata tsamiya. Bakambare ne, Kirista, mutumin kan tudu, an ce wajen masu gina dam ya koyi taɓa ƙarfe. Ba shi da yawan magana, haƙoransa sun yi ja da goro. Abin da ba zan manta ba shi ne, kafin ya ɗauki ko sifana, sai da ya kalli Inna ya ce, "Mi za a ɗauka?" Ta ce bandar amarya ce. Ya tambayi girman kwandon, ya tambaya ko busasshe ne sosai ko da sauransa, ya tambaya ta wace hanya za a bi, ta kwazazzabo ko ta gonaki. Ni dai ina gefe na rufe fuska, kunya ta ishe ni, ana zancen kifina kamar zancen haihuwa. Sannan ya ɗaga babur ya tsayar da shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya kwance noti na sama da na ƙasa, ya zare shokozoban. Ya zare ɗayan ma. Maigidana ya ce ai wancan lafiyarsa lau, bakaniken ya ce masa idan aka gyara ɗaya aka bar ɗaya, babur zai riƙa karkata kamar mai ɗingishi, kuma kwando ne zai fara sani.

Na zauna a kan saiwar tsamiya na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Da igiya da wani guntun itace ya matse sifirin, yana murɗawa a hankali har ya tsuke, ya cire marfin, ya zaro sandar ciki. Da ya karkata bututun, abin da ya zubo ba mai ba ne, wani ruwa ne baƙi mai wari, kaɗan ma ya rage. Ya wanke komai a cikin kananzir, ya shanya a kan buhu, ya ɗaga sandar sama yana lailaya ta da yatsa yana neman inda ta karce. Robar da ke tare mai ta cinye, ya ɗauko wata daga cikin gwangwani ya yi ta gwadawa har ya samu wadda ta zauna daidai. Robobin da ke idon sama da na ƙasa, inda noti ke shiga, su kuma daga tsohuwar tayar mota ya yanko su da wuƙa mai kaifi. Ya auna mai da gwangwanin madara ya zuba, ya haɗa, ya dafa kan shokozoban da ƙirjinsa ya danna. Ya nutsa, sannan ya taso a hankali ba tare da ya yi tsalle ba. A gindinsa akwai wasu matakai da ake murɗawa a ƙara tauri ko a rage, ya murɗa su zuwa inda ya ga ya dace da nauyin kwandona. Duk wannan ya ci mana yini, Inna ta aika aka sayo fura, bakaniken ya ce shi ba ya shan fura da nono, aka kawo masa gyaɗa.

Da ya mayar da su ya ɗaure, sai ya karɓi kwanon furar da muka shanye, ya cika shi da ruwa, ya ɗaure shi da robar taya a kan kariyar baya, inda ake ɗora kaya. Bayan tsamiyar akwai gonar dawa da aka girbe, kunyoyinta na nan. Ya ce maigidana ya hau ya ratsa kunyoyin ya dawo. Karon farko ruwa ya fantsala har bayan rigarsa, Inna ta yi masa dariya. Bakaniken ya sunkuya ya sassauta mataki, ya sake cika kwano, aka sake. Da ya dawo ruwan na nan yana ɗan rawa a bakin kwano, ya ce to yanzu a je a ɗauki kifin amarya. Washegari da yamma maigidana ya dawo daga Yelwa yana washe baki, ya ce dillaliya ta ɗaga kifin har na ƙasan kwando, ko gemun tarwaɗa ɗaya bai karye ba. Da wannan sunan na ci, na sha, na aurar da 'ya'yana, har tsufa ya zo ya same ni.

Bakaniken ya daɗe da rasuwa, tsamiyar ma an sare ta. A wurin yanzu akwai wani shago na kwano, an rataye kayan babur a cikin leda, ja da ruwan ɗorawa, suna ta ƙyalli. Ba wanda ke buɗe shokozoba kuma. An ce na yanzu a liƙe suke zuwa, idan sun mutu sai a jefar a sayi wasu, kuma ba sa daɗewa suke mutuwa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne dabarar da 'yan kabu-kabu suka ƙirƙiro. Tunda suna so su ɗora buhun shinkafa a kan buhun shinkafa, su ɗora jarkoki, su cusa mutane a kan kujerar da aka yi don mutum biyu, sai su sa a zura guntun bututun ƙarfe a cikin sifirin don kada ya lotsa ya taɓa taya. Wasu ma walda suke sa a yi masa gaba ɗaya. To ina amfanin abin da aka yi don ya lotsa, an hana shi lotsawa? Ya zama sanda kawai. Mai ciki ta hau, tsoho ya hau, mai ɗori ya hau, duk ramin da aka faɗa a ƙugunsu yake sauka, kuma kowa ya sauko yana dafe baya yana cewa hanya ce ba kyau. Hanya dai ba ta taɓa kyau ba tun muna yara.

Jikar nan tawa a hannuna ta tashi, kuma cikin jikokina ita kaɗai ta tsaya ta koyi banda irin tamu. Sauran da sun ji hayaƙi a ido sai su zame. Ita kuwa takan zauna kusa da ni tana juya kifi, hawaye na zuba, ba ta tashi. An kai ta ɗakinta bara, nan cikin gari, mijinta ɗan kabu-kabu ne, yaro mai gaisuwa da fara'a, amma kansa ba ya ɗaukar magana sai wadda ta yi masa daɗi. Da lokacin bandarta ta fari ya zo, na hana kaina leƙa gidan don kada a ce na sa hannu. Sai da ta gama ta aiko a kira ni. Na ɗauki tarwaɗa ɗaya na kai kunne na ƙwanƙwasa, ta amsa sarai. Launinta kamar zuma, ba ƙuna, ba ɗanye. Na ji daɗi har sai da na zauna a kan turmi, na ce mata ƙawata kin ƙwace mini kasuwa. Muna cikin wasa na waiwaya na ga babur ɗin mijin jingine da danga. Shokozoban duka biyu sun yi tsatsa, sifirin ɗaya ya karye an ɗaure shi da waya.

Na ce ba kifin da zai hau wannan gawar. Mijin ya yi ta dariya, ya ce dama yana da niyyar canzawa, gobe ma zai sayo sababbi don in samu barci. Na ce ƙafata ƙafarsa. Haka na bi shi shagon nan da sandata, mutane na kallona. Mai gyaran wani matashi ne, waya na maƙale a kunnensa, bai cire ba har muka bar wurin. Bai tambayi abin da za a ɗauka ba. Ya yago leda, ya fito da sababbi jajaye, ya kwance tsofaffin ya wurga su kan juji. Har zuciyata ta fara sanyi, sai na ga mijin ya matsa ya raɗa masa magana. Mai gyaran ya jawo wani kwano cike da guntayen bututu, ya matse sabon sifirin, ya zura ɗaya a ciki, ya zura a ɗayan. Sabo fil, ko ƙasa bai taɓa ba, an kashe shi a gabana. Na ce ya cire. Mijin ya ce, "Kaka, jibi shinkafa za ni ɗauka hwa. Ba ni sayen wasu don kwando guda." Na ce to a cire yau, a mayar bayan kasuwa. Mai gyaran ya ce shi ba ya aiki biyu, haka kowa ke yi, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Na ce a kawo kwano da ruwa a ɗaure a baya mu gani. Suka kalli juna suka tuntsure da dariya, wani da ke zaune a kan benci ya ce Iya na son a yi wa babur rubutu ya sha.

Na zagaya gari ina neman wani babur, ina danna kujerar kowanne da hannuna. Duka ɗaya suke, kamar ka danna dutse. Ruwa kuma ya janye, ba jirgi. Na ce a ɗage zuwa wata kasuwar, dangin mijin suka ce an riga an aika wa dillaliya, tana jira, kuma ni ba ni ce uwar gidan ba. Abin da na iya yi shi ne na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasan kwandon da tsakanin kowane jeri, na naɗe shi da tsohon bargona. Da safe na roƙe shi ya tafi a hankali. Ya ce to. Ina tsaye na ji lokacin da ya faɗa ramin kusa da rijiya.

Dillaliyar ta yanzu 'yar wadda ta buɗe nawa kwandon ce. An ce da ta kwance, na sama ne kaɗai suka fito da kamanninsu, daga tsakiya zuwa ƙasa kawuna ne daban, jeloli daban, sauran gari ya gauraye da ciyawar da na sa. Wata daga cikin matan rumfa ta tambaya mai bandar ɗiyar wane gida ce. Mijin kuwa sai ya buɗe baki a gabansu ya ce ai shi sababbin shokozoba ya sa jiya-jiya, kowa ya duba ya gani, kifin ne ta busar da shi ya wuce kima. Suka duba suka ga jajayen ƙarafa suna ƙyalli, suka yarda. Kafin ya iso gida maganar ta riga shi. Na je har gidansu na faɗa wa uwarsa abin da na gani da idona a shagon nan, ta ce ita ba ta san harkar ƙarfe ba, ta dai san ɗanta ya yi ƙoƙari. Na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a gidan suna, ba wanda ya musa mini, ba kuma wanda ya saurara. An ɗauka tsohuwa ce ke kare jikarta.

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ita yarinyar ta yarda da su. Ta zo ta durƙusa a gabana tana tambayata inda ta kuskure, ko itacen ne ya yi yawa, ko ta bar shi ya wuce lokaci. Na rantse mata ba ta kuskure ko'ina ba, na ce bandarta ta fi tawa ta fari. Ta ce to, amma na ga maganar ba ta shige ta ba. Kwanan baya na bi ta gidan da hantsi, na tarar tana kwashe kifi daga raga tana jerawa a kwali. Tun daga ƙofa na san bai yi ba. Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa, ya bi hannuna, ruwa na tsattsafowa a gindin kai. A gefen murhu kuma ga 'yar kwalbar nan ta maganin ƙwari. Na ce mata wannan ko mako ba zai yi ba zai yi tsutsa, kuma mutane ne za su ci. Ba ta ɗago ta kalle ni ba.

Ta ce, "Na sani, Kaka. Amma shi ba ya karyewa."

Ta karɓi kifin daga hannuna ta mayar cikin kwali, ta ci gaba da jerawa.